Akurki da Farfajiyarsa: Aikin Gwanaye

Kazar da aka saki tana yawo a ƙauye ba ta bin kowa bashi. Da gari ya waye za ta nufi juji ta yi tono, ta tsinci gara da tsutsa da tsabar da ta zube a gindin turmi. Rana ta take, ta shige ƙarƙashin rumbu ta saki fukafukai ta sha iska. In ƙuma ta dame ta, ta san inda ake zubar da tokar murhu, can za ta je ta yi birgima har ta gamsu. In ƙwai ya zo, ta nemi lungu mai duhu a bayan randa ta yi gurbinta. Abin da ya rage wa uwargida kaɗan ne: ta watsa mata dusa da safe, da magariba kuma ta kora ta cikin ɗan akurkin laka, ta toshe bakinsa da tsohon faranti, ta danne da dutse.

A Kano da Zariya da Kaduna da Maraɗi wannan rayuwa tana neman ƙare wa kaza. Gidaje sun matse, an shafe tsakar gida da siminti, juji ya koma na leda. Kaza ta leƙa waje, in babur bai take ta ba, za ta faɗa gidan maƙwabta ta ɓata musu shanya, ko ta sha ruwan kwata ta dawo da cuta. Dole a killace ta. To amma ranar da ka ja ƙyaure ka rufe kaza, duk abin da take samo wa kanta ya dawo wuyanka: inuwarta, iskarta, ƙasar birgimarta, maɓoyarta, har da gudun da take yi ta tsira idan maƙiyi ya taso. Malamai sun sha tuna mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ta hana ta abinci, ta kuma hana ta fita nema. Wanda ya iya gina akurki mai farfajiya shi ne mutumin da ya san nauyin wannan bashi, ya kuma san yadda ake biyansa da katako da waya da bulo. Ina ganin girman masu wannan aiki ƙwarai, kuma ba a ba su yabon da ya kamace su.

Wani lokaci kafinta ne, wani lokaci magini ko mai walda, wani lokaci kuma matar gida ce da ta daɗe tana kiwo, ta tsaya a kan samarin 'ya'yanta tana nuna musu inda za su kafa ƙusa. Ko wane ne, ana gane gwani tun kafin ya zaro tef daga aljihu. Da tambaya yake farawa: "Hajiya, kaji nawa za a zuba? Na gida ne ko na turawa? Ƙwai ake nema ko nama?" Sannan ya zagaya bayan gidan a tsanake. Yana duban jikin katanga ya ga inda ruwan damina ya bar shaida, don ya san ta ina ruwa ke bi, a ina kuma yake kwanciya. Yana duban inda rijiya take da inda madafi yake, ya nisanta aikinsa da su. Yana duban tagar maƙwabci, domin wari da carar asuba ba su san iyakar fili ba, kuma akurkin da aka kafa a mugun wuri yana iya ɓata zaman tare na shekara da shekaru. Wurin da zai zaɓa a ƙarshe mai ɗan tudu ne, inda ruwa ba ya tsayawa, iska kuma tana ratsawa.

Daga nan sai fuskar ginin, kuma a nan ilimin yake. Gwani yakan miƙar da tsawon akurki daga gabas zuwa yamma, ya toshe gajerun ɓangarorin nan biyu da bango har sama, ya bar kudu da arewa a buɗe da waya. Hantsi da la'asar su ne ranar da ke shigowa a kwance, ta ratsa ɗaki daga wannan gefe zuwa wancan, kuma bangon gabas da na yamma su ke tare su. Ranar tsaka kuwa a ƙasarmu kusan a tsakar ka take. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ta ɗan karkata arewa, sauran shekara ta karkata kudu. Rufin da ya zarce bango da ƙafa 2 ko 3 ya isa ya hana ta leƙowa a lokacin zafi, da hunturu kuma, sa'ad da ta yi ƙasa sosai ta kudu, sai ta ɗan shigo, daidai lokacin da kaji ke marmarinta. Ga kuma hadari. Kowa ya san manyan hadaran farkon damina daga gabas suke tasowa da iska da ƙura, shi ya sa maginan laka suke ba bangon gabas kulawa ta daban wajen yaɓe da makuba. Bango guda ya tare hantsi, ya kuma tare feshin ruwa.

Mutane da yawa sanyi suke ji wa kajinsu, alhali zafi ne babban mai kisa ga kazar da ta girma. Jikin kaza da ma da ɗumi yake, wajen digiri 41 a ma'aunin salshiyas, ga gashi ya lulluɓe ta, kuma ba ta yin gumi. Abin da kawai za ta iya shi ne ta buɗe baki tana haki, ta ware fukafukai daga jiki. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ke haura digiri 40 a inuwa, akurkin da aka yi wa gajeren rufin kwano aka toshe ta ko'ina tanderu ne. Kaji su rage cin abinci, ƙwai ya ja baya, ɓawonsa ya yi rauni, masu ƙiba su fara faɗuwa da azahar. Shi ya sa bangon gwani na kudu da na arewa ba ya wuce jerin bulo biyu ko uku, daga nan har rufi waya ce. Rufin yakan kai ƙafa 7 ko fiye, a karkace, da kafa a can sama inda iska mai zafi za ta fice. In da hali ya shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwanon, ko ya shafa masa farin fenti. Tsawon nan yana da wata fa'ida da ba kowa ke lura da ita ba: ɗakin da mutum ba zai iya shiga ya miƙe tsaye ba, ba za a riƙa share shi ba, komai kyawun niyyar mai shi.

Iska kuma ba don zafi kaɗai ake nemanta ba. Kashin kaji idan ya taru ya jiƙe yana fitar da wani wari mai yaji, amoniya, wanda ke cin ido da maƙogwaron kaza, ya buɗe wa mura ƙofa. Ƙwararrun masu kiwo suna da gwaji mai sauƙi: su tsuguna har hancinsu ya zo daidai kan kaza, su shaƙa. In ido ya yi yaji, ko dai iska ta gaza ko shimfiɗar da ke kan daɓen ɗaki ta jiƙe. Saboda haka ko da hunturu, sa'ad da iskar arewa maso gabas ke kaɗawa cikin dare, gwani ba ya yarda a naɗe akurki da leda. Labulen buhu yake yi wa gefen arewa, a sauke shi da magariba, a naɗe shi da hantsi, kuma ko an sauke shi akwai tazarar taƙi guda a sama da ba ta rufuwa. 'Yan tsaki ne ke buƙatar ɗumi na musamman a makonninsu na farko, su kuwa wurinsu daban ne.

Lissafin girma ba shi da wuya, tsayawa a kansa ne ke da wuya, domin kullum mai kaji yana son ya ƙara biyar a kan abin da aka yi magana. Abin da aka saba bi shi ne kowace kaza ta sami murabba'in ƙafa 3 zuwa 4 a ɗakin kwana, da wajen murabba'in ƙafa 10 a farfajiya. Kaji 10 ke nan suna son ɗaki mai ƙafa 6 da 6, da farfajiya mai ƙafa 10 da 10. In aka cunkushe su sai tsattsagar juna ta fara: su fige gashin mai rauni a cikinsu, su ga jini, su taru a kanta. Sai a ce kajin ne masu mugun hali, alhali awo ne aka tauye. Daɓen ɗaki kuma ana ɗaga shi kamar ƙafa guda daga ƙasa, a shafe da siminti, a ba shi ɗan gangare zuwa ƙofa saboda ranar wanki. A kansa ake zuba shimfiɗa mai kaurin inci 3 ko 4, ta dusar katako mai manyan ɓarɓashi ko ɓuntun shinkafa, wanda ke jibge a bakin injinan casa na garuruwa irin su Kura. Dokin ƙofa ya fi shimfiɗar tsawo, ƙyaure ya buɗe ta waje, don kada ɓuntu ya tokare shi.

Bahaushe ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne, amma karin maganar ya kuma nuna wa magini ta inda maƙiya ke zuwa: wani ta ƙasa, wani ta sama. Ta ƙasa akwai muzuru da kare da tunku da gafiya da ɓera da maciji. Siririyar wayar nan mai ido kusurwa shida da ake kira wayar kaji, aikinta ta hana kaza fita, amma ba ta hana kowa shiga. Kare na iya yaga ta, ƙaramin ɓera da maciji su bi ta idonta, tsatsa kuma ta cinye ta bayan 'yan damuna. Gwani yakan nemi waya mai kauri, mai murabba'in ido na rabin inci, ko da a ƙafa 3 na ƙasa ne kawai in kuɗi ba su isa a zagaye duka ba. Ba ya kuma barin ta a hannun ƙusa kaɗai. Yakan ja ta ta miƙe sosai, ya ɗora siririn katako a kan bakinta ya buga, ta zama a matse tsakanin katako biyu, yadda ko an tura ko an ja ba za ta ɓalle ba. Sannan ya bi kusurwa kusurwa yana dubawa, musamman inda kwano ya zauna a kan bango, inda tudun kwanon ke barin 'yan kafofi a jere. Ƙa'idarsa ita ce duk kafar da babban yatsa ya shiga ɓera zai shiga, inda ɓera ya bi kuwa maciji na biye da shi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce wadda ake yi wa masu tono. Kare ko gafiya in sun zo jikin shinge, a gindinsa daidai suke fara haƙa. Wasu maginan sukan tona rami mai zurfin ƙafa guda a zagaye, su binne waya ko su jera bulo. Hakan yana aiki, sai dai wahala da kuɗi. Wanda ya fi ƙwarewa sai ya lanƙwasa ƙasan wayar ta kwanta a kan ƙasa ta waje, faɗin ƙafa ɗaya da rabi, ya rufe ta da ƙasa ko tsakuwa. Dabba ta zo ta tona a gindin shinge, farcenta ya ci karo da waya, ta matsa gefe ta sake, ta sake cin karo. Ba ya zuwa mata ta ja da baya taku biyu ta faro daga bakin wayar. Mutumin da ya fara wannan ya zauna ya karanci halin dabba ne kafin ya taɓa guduma.

Saman farfajiya ma rufe shi ake yi, rabi da kwano ko zana don inuwa da ruwa, rabi da waya ko raga. Shirwa ƙiftawar ido take buƙata ta sure ɗan tsako, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne tsuntsayen da ba su zo kisa ba, kurciya da tantabara da gwara, masu sauka su ci daga mazubin kaji, su sha ruwansu, su bar kashi. Tun da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, karo na farko da aka ga wannan mugun nau'i a Afirka, cutar ta sha dawowa, kuma raba kaji da tsuntsayen sama ya zama wajibi ga duk mai kiwo. Tsakanin ɗaki da farfajiya akwai 'yar ƙofa daidai jikin kaza, mai marfi da ake ja daga waje, a buɗe da safe, a rufe bayan magariba. Babbar ƙofa kuwa sakata da kwaɗo, domin akwai maƙiyi mai ƙafa biyu, kuma kasuwarsa takan buɗe idan salla ta ƙarato.

Cikin ɗakin abu biyu ne, sandar kwana da gurbi, kuma sirrin yana tsakaninsu. Kaza a sama take son kwana, kuma wuri mafi tsawo take nema. In gurbi ya fi sanda tsawo, a gurbi za su kwana, su cika shi da kashi, ƙwai ya fito da dauɗa. Don haka gwani yakan kafa sanda a tsawon ƙafa 2 zuwa 3, gurbi kuma ƙasa da haka. In sanduna biyu ne sai ya daidaita tsawonsu, don kada a kwana ana faɗa a kan ta sama. Katakon da kafintoci ke kira tu-bai-tu ya wadatar, a goge kaifin gefensa da samfefa, kowace kaza ta sami kamar inci 8 zuwa 10. Gurbi akwati ne mai ƙafa guda ta kowane ɓangare, ɗaya ya ishi kaji 4 ko 5, a ajiye shi a gefe mafi duhu, a zuba ciyawa busasshiya. Tsohuwar tukunyar ƙasa da aka kwantar, irin ta iyayenmu mata, har yau ba ta da na biyu wajen sanyi da duhu. Wasu kafintocin sukan fitar da akwatin ta jikin bango su yi masa marfi ta waje, yaro ya ɗebi ƙwai bai taka cikin ɗaki ba. Kazar da ta yi kwanci kuwa a keɓe mata nata wuri har kwanakinta 21 su cika, in ba haka ba sauran su yi ta zuba mata sabon ƙwai a kan tsoho.

Farfajiya ita ce ƙauyen da aka mayar wa kaza. A zuba mata yashi don kada damina ta mai da wurin caɓi. A kusurwar da ruwa ba ya bugu a ajiye tsohuwar taya ko fasasshen baho cike da rairayi da toka, nan za ta yi birgimar da ke rage mata ƙuma da ƙwarƙwata. A rataye mata damin ganyen zogale ko alayyafo ta yi ta tsalle tana tsinka. Mazubin abinci da na ruwa a ɗaga su daidai gadon bayanta, don kada ta tona ta watsar, ruwan kuma a inuwa, nesa da shimfiɗar ɗaki. Kaza takan sha kamar ninki biyu na nauyin abin da ta ci, da bazara fiye da haka, kuma in ruwa ya yi zafi ƙauracewa take yi.

Akwai maƙiyin da ba kaza yake ci ba, akurkin yake ci, wato gara. Magina na da sun san maganinta, shi ya sa suke neman azara. Na yanzu sukan zaunar da ginshiƙi a kan siminti yadda katako ba zai taɓa ƙasa ba, ko su shafe gindinsa da baƙin mai, ko su koma bututun ƙarfe da walda. Bango kuwa a shafe shi sumul a bi da farar ƙasa, domin ƙananan ƙwarin da ke shan jinin kaza da dare a cikin tsaga suke yini.

Abu na ƙarshe da gwani zai ba da shawara a kai, wanda mai gida yakan ga kamar ƙarin kashe kuɗi ne, shi ne ɗan keji daban, can nesa da akurki. Duk kazar da aka sayo daga kasuwa ko aka kawo kyauta, a nan za ta yi mako biyu kafin ta shiga cikin 'yan uwa. Annobar nan da ke share kajin gida da hunturu, mai murɗe musu wuya da sa su koren zawo, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasul, sau da yawa baƙuwar kaza ce ke shigo da ita. Ba ta da magani, sai rigakafi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana yin sa, har da nau'in da ke jure zafi wanda ake ɗiga wa kaza a ido. Kajin da ke killace kaɗai ake iya kamawa ɗaya bayan ɗaya a yi musu, a kuma san ba a tsallake ko ɗaya ba.

Ribar tana fitowa a fili. Kazar gida mai yawo da wuya ta wuce ƙwai 60 a shekara, kuma yawancin 'yan tsakinta ba sa kai girma. Kajin ƙwai irin su Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ta samar don yanayinmu, suna iya haura ƙwai 250 a shekara in sun sami abinci da kulawa, amma ba kajin saki ba ne, sai da ɗaki irin wannan. Shimfiɗar da aka kwashe ma kuɗi ce, manoman fadama buhu buhu suke saye, sai dai a bar ta ta ruɓe tukuna, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka.

Mai karatu, in kana da niyya, ka yi aikin da rani, siminti ya bushe, farar ƙasa ta kama, kafin hadarin farko ya taso. In kuɗi sun gaza, ka rage yawan kajin, kada ka rage kaurin waya ko tsawon rufi. In kuma Allah ya haɗa ka da gwanin da ya fara da tambaya da zagayen bayan gida, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, ka kuma tura masa yaronka ya riƙe masa bakin waya, ya ga yadda ake yi.